Lokacin Da Mahaifiyata Ta Ce Tana Son Ganin Teku

Shekarun baya, wata Asabar da la'asar, ina zaune a tsakar gidanmu na Nassarawo a Mubi ina fama da rediyon mahaifiyata da ya daina kama tasha, sai ta jefo min tambayar da ban taɓa tsammanin ji daga bakinta ba. Tana tsince shinkafa a faifai, da yatsu take lalube, don a lokacin yanar ido ta fara kama ta.

"Auta, wai ruwan nan da ake cewa ba a hango ƙarshensa, da gaske ne ko zancen 'yan tasha ne?"

Na ce, "Teku kike nufi, Dada? Da gaske ne mana."

Ta ci gaba da tsintarta kamar ba ita ta yi magana ba. Can sai ta ce, "Kafin idon nan ya ƙarasa, da na gan shi."

Ku da ba ku san Dada ba, ba za ku gane girman wannan magana ba. Bafulatana ce 'yar Wuro Patuji, aure ya kawo ta cikin gari gidan mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa. Mace ce da ba ta fita sai da dalili, ko barka, ko dubiya, ko gaisuwar mutuwa. Tafiya don kallo kuwa a wurinta aikin marasa abin yi ne. Ko Keke ba ta cika son hawa ba, ta fi yarda da ƙafarta. Kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin ta ce tana son wani abu ba, ko da goro ne. Sai ga shi ranar tana son teku.

Ni kuwa Allah ya yi ni da son tsara abu. Malamin makaranta ne ni, ko kasuwa zan shiga sai na tsara ta inda zan bi da ta inda zan fito. Nan da nan na ɗauki abin da zafi. Hutun Ista na tafe, daga Juma'a har Litinin babu aiki, na ce wannan hutun na Dada ne. Na bi hotunan bakin teku a waya har idona ya yi ja. Na zo mata da Legas, ta ce hayaniya. Na ce to Kamaru, tunda ga ta nan a bayan duwatsunmu, an ce can kudancinsu akwai garuruwan bakin ruwa masu kyau. Ta ce, "Ƙasar wasu, da tsufana?" Na kawo Fatakwal, ta ce ta ji labarin hayaƙinsu. Duk garin da na ambata sai ta samo masa aibu, matar da ba ta taɓa wuce Yola ba. Gaskiya raina ya fara ɓaci.

Ina ta mita a ɗaki, matata tana ninke wanki tana saurarona. Da na gaji na yi shiru, sai ta dube ni ta ce, "Wai kai da gaske kake, ko dai autancin ne ke damunka? Duk dangin nan, wa ke zaune a bakin teku?"

Amsar ba ta da wuya. Hamma ne.

Hamma shi ne babban yayanmu, ɗan farin Dada. A al'adarsu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye shi aka miƙa shi wa kakarmu a Wuro Patuji, can ya girma cikin shanu. In ya zo gida, "wancan" take ce masa, ko "mutumin nan". In za ta ba shi abinci, ni take kira ta ce, "Kai wa wancan." Mun tashi mun tarar da haka, shi ma ya san al'ada ce, ba wanda ya ɗauke shi wani abu. Gidaje da yawa an sassauta, amma Dada ta riƙe nata gam.

Abin ya zama ciwo ne a shekarar da mahara suka shigo aka gudu daga gari. Duk ɗan Mubi ya san shekarar da nake nufi, ba sai na tono ba. Mun watse kowa ya yi ta kansa. Ni da Dada da yayyena mata muka isa Yola gidan wani ɗan'uwanmu, amma Hamma shiru, wayarsa ba ta shiga. A kwanakin da muka yi muna jiran labarinsa Dada ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa, kuma ba ta tambayi kowa ko an ji ɗuriyarsa ba. Ranar da ya iso, ashe ta kan duwatsu ya bi a ƙafa ya zago ta Kamaru, ƙafafunsa duk sun fashe. Gidan ya ɗauki kuka da kabbara, yayyena suka rungume shi. Ya ratsa mutane har gaban Dada ya durƙusa. Ta ja mayafi, ta kau da kai, ta ce, "A ba shi ruwa." Ta tashi ta shige ɗaki.

Ina tsaye a wurin, na ga yadda fuskarsa ta koma. Da aka dawo gida bai daɗe ba ya bi wata motar shanu zuwa kudu. Ya yada zango a wani ɗan gari a bakin teku cikin jihar Akwa Ibom, yana sayen busasshen kifi yana turowa arewa, har ya yi aure a unguwar Hausawan can. Bai yanke zumunci ba, yana kira, yana aike. Amma bai sake tako Mubi ba, kowace Sallah da uzurinta. In ya kira na miƙa wa Dada waya, "lafiya lau" kawai take cewa ta miƙo min da sauri kamar wayar na ƙona ta. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, ga ido yana rufewa. Ashe abin da take gaya min ke nan: tana son ta ga ɗanta tun tana iya gani, kuma bakinta ba zai taɓa iya furtawa ba.

Washegari na same ta tana shan hantsi. Na ce, "Dada, na samo wani ɗan ƙaramin gari a Akwa Ibom. Babu hayaniya, masunta ne kawai da jiragensu." Na faɗi sunan garin, ban ambaci kowa ba.

Ta gyara zaman mayafinta ta ce, "To, in ka ga ya yi."

Daga nan aikina ya zama biyu. In tsara tafiya, in kuma tsare mata kunyarta. Dole abin ya tsaya a matsayin yawon ganin teku. Ba za mu sauka a gidan Hamma ba, don Dada ba za ta ɗauki ƙafa ta je ta kwana ƙarƙashin rufin ɗan fari ba tare da an roƙe ta ba, shi kuma ba shi da niyyar roƙo. Sai dai mu je mu zauna kusa, mu jira ya zo da kansa.

Akwai wani abokin aikina ɗan Michika da ya yi bautar ƙasa a wancan yankin, shi na nufa. Muka zauna gindin mangwaron makaranta lokacin tara, na ce masa mota nake tunani. Ya fashe da dariya.

"Malam, mota? Yola, Numan, Jalingo, Wukari, ba ka ma fara ba. Hanya zai cinye hutun duka, kuma Mama zai gaji. Ku kwana Yola ran Alhamis, Juma'a ku hau jirgi ta Abuja zuwa Uyo, daga nan mota kaɗan ne. Amma ka yi bukin tikiti da wuri, lokacin Ista mutane yana da yawa."

Ya ce ya san wata dattijuwa mai ɗan masauki kusa da ruwa, zai kira ta. "Ka ce a ba ku ɗakin ƙasa, kar Mama ya hau bene. Kuma da safe za ka kai shi bakin ruwa. Da yamma samari da 'yanmata suna cika wurin da kiɗa da kayan wanka, Mama zai ce ka kawo shi gidan shaiɗan."

Na yi dariya, sannan na gaya masa ainihin abin da zai kai mu. Ya daina dariya. Ya ce, "Tsofaffin mu ma haka suke, magana yana ruɓewa a cikin su. Amma ka kira yayan ka ka gaya masa. Kar ya gan ku kawai a garin, zai ji kamar tarko."

Na fi tsoron maganar jirgin sama, don na ɗauka nan za a yi ta. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa mata. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko lokacin sallah zai same mu a sama. Na ce za mu yi kafin mu hau. Ta ce, "To." Matar da ke tsoron Keke. A nan na ƙara gane nauyin abin da ke ranta, sai tausayinta ya kama ni.

Kiran Hamma ne ya fi min wuya. Bayan mun gaisa na ce, "Hamma, za mu shigo garinku hutun Ista, ni da Dada."

Sai ya jefo min tambaya.

"Dada? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Hutu kawai."

"Ita ta ce a kawo ta wurina?"

Ƙarya ta zo min har bakin leɓe, amma na san ba za ta yi amfani ba, ya fi ni sanin Dada. Na ce, "Cewa ta yi tana son ganin teku."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "To, teku na nan, auta. Ba nawa ba ne, kowa na iya zuwa ya kalla." Sannan ya ce wataƙila ma lokacin ba ya gari, zai shiga ƙauyukan cikin ruwa sayen kifi. Ya ce in muna buƙatar wani abu in kira matarsa.

Ban gaya wa Dada yadda muka yi ba, ita ma ba ta tambaya ba. Shirinta kawai ta shiga. Tafiyar da ba ta wuce ƙarshen mako ba, amma ta cika jaka guda da man shanu, da daddawa, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da surfaffen gero. Na ce, "Dada, ƙaura za mu yi?" Ta ce, "An ce mutanen can ganye kawai suke ci, kar yunwa ta kashe mu." Ana jibi za mu tafi ta sa aka fito da turmi, ta daka dakuwa da hannunta. Matata ta zo karɓar taɓarya, ta hana ta. Ta zuba yaji har muna atishawa daga ɗaki. Duk gidanmu mutum ɗaya ne ke cin dakuwa da yaji haka, kuma ba ya gidan. Ni da matata muka dubi juna.

Tafiya dai ta yi kyau. A cikin jirgi ta rufe ido tana jan carbi tun daga tashi har sauka, ko tagar ba ta kalla ba. Mun isa garin ran Juma'a gab da magariba, iska mai nauyi da ƙarnin kifi ta tarbe mu, jiki yana danƙo ko ba ka yi komai ba. Dattijuwar nan ta ba mu ɗakin ƙasa kamar yadda aka roƙa. Daga ɗakin ana jin rurin ruwa ba ƙaƙƙautawa. Na kira Hamma in ce mun sauka, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Asabar da sassafe na kai ta bakin ruwa. A nan zan faɗi gaskiya, ni mai tsara tafiyar ma ban taɓa ganin teku ba sai a waya. Muna zagayo bayan wasu bishiyoyin kwakwa sai ga shi, ruwa har inda ya haɗe da sama. Na saki baki ina ta salati kamar baƙauye ya shigo birni. Na juyo da murna in ga fuskar Dada, sai na tarar ba ruwan take kallo ba. Ta ba shi gefe, ta kare ido da tafin hannu, tana ƙoƙarin tantance mazan da ke tsaye wajen jiragen masunta suna ciniki.

"Auta, waɗancan masu hula, mutanenmu ne?"

Na ce, "Wasu daga ciki."

"Ka san su?"

Na duba ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "A'a, Dada, ban san ko ɗaya ba."

Ta ce rana ta fara zafi, mu koma. Ranar ko ɗagowa ba ta gama yi ba.

Bayan azahar matar Hamma ta zo da kuloli na abinci. Yarinya ce mai natsuwa, ta durƙusa tun daga bakin ƙofa ta gaishe mu. Ta ce ya shiga cikin ruwa sayen kifi, bai faɗi ranar dawowa ba. Tana faɗa idonta na ƙasa, na san an sa ta ne. Dada ta amsa gaisuwarta, ta sa mata albarka, ta tambayi yara. Da za ta tafi, Dada ta tura mata jakar nan da ƙafa ta ce, "Ɗauki wannan, ya yi mana yawa." Jakar da ko zugenta ba mu buɗe ba tun daga Mubi.

Da ta fita, Dada ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Ta ce, "Gobe yaushe za mu kama hanya?" Na ce bayan azahar, don mu kwana Uyo mu hau jirgi Litinin. Ta ce, "To." Wannan "to" ɗin ya fi min kuka ciwo.

Ina idar da sallar magariba na fita waje na sake kiran Hamma. Wannan karon ya ɗauka. A bayan muryarsa ina jin ƙarar janareto da masu shayi suna Hausa, na san yana cikin gari. Ni ba mai ɗaga wa na gaba da ni murya ba ne, amma ranar zuciya ta ci ni.

Na ce, "Hamma, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Kana garin nan, ina jin masu shayi. Tsohuwar nan ta taso tun daga Mubi, ka bar ta a masauki kamar baƙuwar da ba ta da kowa?"

Ya ce, "Teku ta zo gani. Ba ta gani ba?"

"Ka san ba teku ba ne! Ka san lokacin da ka ɓata ko abinci ba ta ci ba har ka dawo."

"Na sani. Kai ka faɗa min, ƙannena mata sun faɗa min, har maƙwabta sun faɗa min. Ita ce dai ba ta faɗa ba." Muryarsa ta sauka. "Auta, ni ba jahilin al'ada ba ne. Na san kunya ce. Amma har ranar da na fito daga bakin mutuwa? Ko sau ɗaya a rayuwa ba za a ajiye ta ba? Kai an goya ka, an yi maka wasa. Ni ban san ɗumin hannunta ba."

Gaskiya ya faɗa. Da ƙyar na ce, "Ba za ta faɗa ba, Hamma, har ta koma ga Allah ba za ta faɗa ba. Amma matar da ba ta hawa Keke ta hau jirgin sama. Iyakar maganar da take da ita ke nan. Kuma idonta ya kusa tafiya, yau da safe ta kasa tantance fuskar mutum daga nesa kaɗan. Gobe bayan azahar za mu wuce." Ya kashe wayar.

Lahadi da safe ita da kanta ta ce in mayar da ita bakin ruwa, wai jiya ba ta gani da kyau ba. Wurin fayau, mutanen garin duk sun tafi coci, jirage a jere kan yashi ba kowa. Muka zauna kan wani kututturen kwakwa. Na riga na fid da rai, ina ta tunanin yadda zan dawo da ita gida a haka. Sai na hango mutum yana tahowa ta bakin ruwa, takalmansa a hannu. Tafiyar kawai na gani na gane shi. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu.

Ya tsaya ɗan nesa, ya durƙusa kan yashi. "Dada, kun zo lafiya? Ya hanya?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta mai da kai wajen ruwa. Ta ce da ni, "Auta, ka ce lafiya lau."

Wallahi ji na yi kamar in fashe da kuka don takaici. Duk wannan tafiya, duk wannan shiri, a ƙare a "ka ce lafiya lau"? Na ga Hamma ya gyaɗa kai a hankali, ya miƙe yana kaɗe yashi daga gwiwarsa, fuskarsa ta koma irin ta ranar nan a Yola. Ya fara sa takalmi.

Sai Dada ta dafa kututture ta miƙe. Ta ce, "Tunda an zo, bari in taɓa shi da ƙafa, kar a ce na zo ban taɓa ba." Na miƙa mata hannu, ta ƙi kamawa. Ta tuɓe silifas ta nufi ruwa a hankali. Na bi ta dama ina manne da ita, hannuna a buɗe ko za ta zame. Hamma ya tsaya jim, sannan ya ajiye takalmansa ya biyo ta hagu, ya bar tazara tsakaninsu.

Muna isa jiƙaƙƙen yashi igiyar ruwa ta taso da rurinta ta nufo mu. Ni ne kusa da ita, hannuna yana taɓa gwiwar hannunta. Amma ba ni ta kama ba. Ta miƙa hannun hagu can gefe, ta damƙi wuyan hannun Hamma.

Ruwan ya zo ya rufe mana idon sawu, ya ja da baya. Ba ta saki ba. Wani ya sake zuwa ya koma, ba ta saki ba. Ita tana kallon teku, shi yana kallon teku, ba wanda ya dubi wani. Na ga yatsunta suna lalube hannunsa, daga wuyan hannu zuwa tafi, yadda take yi in tana tsintar shinkafa. Na ja da baya na bar su.

Can na ji ta ce, ba da ni ba, ba ta bakina ba, "Ruwan nan akwai sanyi."

Ya ce, "Akwai, Dada."

Ta ce, "An rame."

Ya ce, "Aiki ne."

"A riƙa cin abinci."

Iyakar hirar ke nan. Amma sun daɗe a tsaye a haka, har gefen zanenta ya jiƙe sharkaf, hawaye na bin gemunsa bai share ba don hannun da zai share da shi yana riƙe. Shi ya raka mu har Uyo da yamma, ya zauna gaban mota, ita a baya.

Da muka dawo Nassarawo mata suka cika gida suna tambayar yadda teku yake. Ta ce, "Ruwa ne dai, sai yawa." Babbar Sallah ta wannan shekarar Hamma ya zo gida da matarsa da yaransa. Kar ku ɗauka Dada ta canza. Yana shigowa ta ja mayafi ta ce da ni, "Kai wa wancan ruwa." Sai dai wannan karon murmushi ya yi, ya karɓa ya shanye. Daga nan bai ƙara fashin Sallah ba. Idon nata ya ƙarasa rufewa bayan an yi aiki bai karɓa ba, amma ta riga ta ga abin da ta je gani.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Na daina jiran mutane su faɗi abu da irin kalmomin da nake so in ji. Ba na kare wannan kunya, na ga abin da ta ci wa mutum biyu na shekarun da ba za su dawo ba, kuma ni ɗana na fari ina kiran sunansa da ƙarfi har maƙwabta su ji. Amma ba na iya ganin laifin Dada. Haka aka gina ta, kuma a cikin ɗan wurin da aka bar mata ta yi iyakar abin da za ta iya. Har yau in na tuna, kewarta ke kama ni, da tsoron yadda abin zai kasance da Hamma bai fito ba a safiyar nan.

Ranar da Allah ya karɓi abarsa, Hamma yana Mubi, shi ya sa ta a makwancinta da hannunsa. Da muka dawo daga maƙabarta, kafin mu zauna karɓar gaisuwa, ya ja ni gefe a zaure. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Auta, ranar nan a bakin ruwa, ka ɗauka tsoro ta ji ko?"

Na ce, "Ai kowa ma zai ji, yadda ya taso."

Ya girgiza kai. "Kaka ta sha ba ni labarinta. Tun tana yarinya take ƙetare mayo, kogin ƙauyensu, da tsakiyar damina, ruwa iya ƙirji, ƙwaryar nono a kanta, ba ta taɓa zubar da ko ɗigo ba. Ita ce ruwan da bai wuce idon sawu ba zai ba tsoro?"

Ya dubi wuyan hannunsa, ya shafa wurin. Sannan muka fita muka zauna kan tabarma, mutane suka fara shigowa.